Jirgin Denbigh da ƙawanyar Lincoln: jarunta ce ko fasa-ƙwauri?

Bazazzagi_77:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu bin tarihin yaƙe-yaƙe. Na ci karo da labarin wani jirgin ruwa mai tururi, Denbigh, na zamanin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865. Asalinsa jirgin fasinja ne. An ƙera shi a 1860 a Birkenhead, tsallaken kogi daga Liverpool, aikinsa jigilar mutane daga Liverpool zuwa Rhyl, wani garin bakin teku a Wales. Ba jirgin yaƙi ba ne, tsawonsa ma ƙafa 182 ne kacal. Amma wai wannan jirgi ya shiga tashoshin jihohin Kudu masu tawaye ya fito sau 13, alhali jiragen yaƙin gwamnatin Lincoln sun yi wa tashoshin ƙawanya dare da rana. Abu biyu nake so a warware mini. Na farko, ta yaya? Barci sojojin suke yi? Na biyu, me ya kamata mu kira mutanen da ke cikinsa? Wasu na yabon su kamar jarumai, ni kuwa kamar 'yan fasa-ƙwauri nake ganin su.

MaiShayi_Online:
Malam Bazazzagi, in ka ga mota ɗaya ta wuce shinge sau 13 ba a tsayar da ita ba, to akwai wanda ake gaisawa da shi. Ba sai an yi dogon bincike ba.

Malamin_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Mai shayi, wannan karon ka zuba sukari a miya. Gaisuwa ba ta da amfani a wurin, domin kama jirgin ya fi sakinsa riba. Dokarsu ita ce, duk jirgin da aka kama sai a kai shi kotu, a yi gwanjonsa da kayan ciki, gwamnati ta ɗauki rabi, a raba sauran tsakanin waɗanda suka yi kamun, tun daga kyaftin har yaron da ke wanke bene. Jirgi guda maƙare da auduga yana iya zama arzikin kyaftin na har abada. Wa zai karɓi na goro ya saki saniya?

Matsalar ita ce faɗin wurin. Ranar 19 ga Afrilu 1861 Lincoln ya ba da sanarwar rufe tashoshin Kudu. Gaɓar da za a tsare ta kai mil 3,500, ga bakunan koguna, ga tsibirai, ga lunguna, shi kuwa jiragen da ke bakin aiki a lokacin 42 ne. Daga baya suka yi ta saye da ƙerawa har suka haura 600, amma ko a hakan teku ba titin Kaduna ba ne da za a gitta itace a ce kowa ya tsaya.

Injiniya_Apapa:
Bari in sa baki ta fannin da na sani, tunda na yi shekaru a ɗakin inji. Sirrin Denbigh ba gudu ba ne kawai. Da aka gwada shi yana sabo ya yi mil 13 da ɗoriya na lissafin teku a awa, wanda ba laifi, amma akwai waɗanda suka fi shi. Abin da ya taimake shi shi ne rashin nitso. Wajen ƙafa 7 kawai cikinsa ke shiga ruwa. Manyan jiragen yaƙi dole su tsaya can inda ruwa ke da zurfi, shi kuwa sai ya raɓa ta gefen gaɓa, ta kan tudun yashi, inda in babban jirgi ya bi shi sai dai a zo a jawo shi.

Sauran dabarun duk masu sana'ar sun san su. A shafa wa jirgi fenti ruwan toka, launin hazo. A jira daren da babu wata. A kashe duk wata fitila, ko taba ba a yarda wani ya kunna ba. A nemi kwal ɗin da ba ya hayaƙi sosai, irin na Wales, domin da rana hayaƙi ne ke tona asirin jirgi tun daga nesa. Rarar tururi ma ta ƙarƙashin ruwa ake sakin ta don kada a ji huci. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne ƙarar wilin nan biyu masu filafilai da ke gefensa suna dukan ruwa, shi ya sa suke son bin kusa da inda igiyar ruwa ke fashewa a gaɓa, ƙararta ta haɗiye tasu.

Ku kuma tuna da halin mai gadi. Shi yana tsaye wata da watanni, ƙarƙashin jirginsa ya yi gansakuka, tukunyar tururinsa a kan ƙaramar wuta don tattalin kwal. Kafin ya hura wuta ya ɗauki gudu, wancan ya shige inuwar igwogin ganuwar da ke bakin tashar. Shi ɓarawo dare ɗaya yake zaɓa, mai gida kuwa kullum ne.

Uwar_Biyu:
Ni dai ku taimake ni tukuna, kaina ya ɗaure. Su waye Arewa su waye Kudu a nan? Don in san ɓangaren da zan goya wa baya.

Malamin_Tarihi:
Hajiya, Arewa su ne gwamnatin tarayya ta Lincoln. Kudu su ne jihohi 11 da suka ɓalle suka naɗa Jefferson Davis shugaba, kuma tushen rigimar bauta ce. Bayi kusan miliyan 4 ne a ƙasar bisa ƙidayar 1860, mafi yawansu a Kudu, su ne ke noman audugar.

Uwar_Biyu:
Alhamdu lillahi, to ina nan inda nake. Ku ci gaba.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Ni ɗan kasuwa ne, don haka inda kuɗi suka bi nake bi. Malam Bazazzagi, ka duba su waye suka sayi jirgin a 1863 za ka sami amsar tambayarka ta biyu. Wani kamfanin haɗin gwiwa ne, European Trading Company, wanda ya haɗa gidan H. O. Brewer na Mobile, wata tashar ruwa ta Kudu, da bankin Erlanger na Faris, da gidan Schröder na Ingila. Wannan Erlanger ɗin shi ne ya shirya wa gwamnatin Kudu bashin fam miliyan 3 a wannan shekarar. Ga inda wayon yake: mai riƙe da takardar bashin yana iya canza ta da auduga a kan kwabo 6 duk laba, amma a can cikin Kudu za a ba shi, shi ya san yadda zai fitar da kayansa. A Liverpool kuwa audugar da ake saye wajen kwabo 7 kafin yaƙi ta yi ta hawa har ta kai wajen kwabo 30 a 1864.

To ku lissafa. Ka karɓa a kan 6, ka sayar a kan ninki huɗu ko biyar. Abin da ya rage maka kawai shi ne jirgin da zai shiga ya ɗauko. Denbigh shi ne motar ɗaukar kayan. Ya kwaso diloli ya kai Havana, a Kyuba, wadda ke hannun Sifaniya kuma ba ta cikin yaƙin, daga can manyan jirage su wuce da su Turai hankali kwance. Babu kishin ƙasa a nan, ciniki ne tsagwaronsa.

Baban_Ummi:
Alhaji na Kwari, ban yarda da kai ɗari bisa ɗari ba. Mai kuɗi yana zaune a Faris kan kujera, na yarda. Amma wanda ke tsaye a kan bene cikin duhu, harsashin igwa na wucewa ta kansa, ba za ka ce ba shi da zuciya ba. Ai ko a farkon zuwan Denbigh Mobile a 1864 sai da ya maƙale a yashi kusa da ganuwar Fort Morgan, jiragen Arewa suka yi ta yi masa ruwan wuta, aka samu aka tayar da shi ya ci gaba da aikinsa. Mutumin da aka yi wa haka ya sake komawa, ya sake komawa, ai sai a sara masa.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Baban Ummi, zuciyar tana da farashi. Kyaftin na iya samun dala 5,000 na zinariya a zuwa da dawowa ɗaya. Kuma in an kama jirgin, ɗan Ingila ba ya daɗewa a tsare, ana sallamarsa domin ƙasarsa ba ta cikin yaƙin, gobe ka gan shi a wani jirgin. Shi ya sa ma ba sa ɗaukar makamin faɗa: muddin ba su yi harbi ba, asarar jirgi da kaya ce kawai, in kuwa suka mayar da wuta to sun zama 'yan fashin teku. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne ɗan jagora, ɗan gari wanda ya san hanyar ruwan, don shi ɗan Kudu ne, in aka kama shi sai kurkuku.

Bakatsiniya:
Ku gafarce ni, amma ina karanta ku raina na ɓaci. Ana ta maganar zuciya da riba, ba wanda ya tambayi wa ya tsinci audugar. Kowace dila da Denbigh ya fitar, bayi ne suka shuka, suka yi noma, suka tsinta da bulala a bayansu. Abin da ya shigo da shi kuma, bindiga da albarushi da takalma da barguna, na sojojin da ke yaƙi ne don kada a 'yanta waɗannan bayin. In ɗan fashi ya yi ta maza ya haura katanga mai tsawo, ba ma cewa jarumi ne. Ni ko kalmar fasa-ƙwauri ta yi masa sauƙi.

Baban_Ummi:
Hajiya Bakatsiniya, na karɓi gyara rabi. Ban ce abin da suka yi daidai ne ba.

Ɗan_Maraɗi:
Ni abin da Malamin Tarihi ya faɗa game da faɗin gaɓa ne ya tsaya mini. Mu da ke bakin iyaka mun ga irinsa da idonmu. Da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma takunkumin 2023 bayan juyin mulkin Yamai, babbar hanya ce ta mutu, amma daji ya rayu. Yara a kan babura, fitila a kashe, buhu biyu a baya ɗaya a kan tanki, su bi ta gonaki. Wani ƙanen abokina har ƙyalle yake ɗaura wa salansa wai don rage ƙara. Kaya suna wucewa, amma me? Abin da tirela ɗaya ke ɗauka sai babur ɗari, kuma farashi ya ninka. Talaka ne ya sha wuya. To ina jin haka Kudun Amurka ta kasance.

Malamin_Tarihi:
Ɗan Maraɗi, ka bugi ƙusa a ka, kuma wannan ne abin da masu tarihi suka daɗe suna ja-in-ja a kai. Jiragen tururi kusan 300 ne suka shiga wannan sana'a, sun gwada ketawa wajen sau 1,300, sun yi nasara wajen sau 1,000. In ka tsaya a nan sai ka ce ƙawanyar rariya ce. Amma kafin yaƙi manyan jiragen dakon kaya ne ke shiga tashoshin nan, Kudu na fitar da diloli miliyoyi a shekara. Da aka rufe, waɗannan ba su ma gwada zuwa ba. Sai 'yan ƙanana irin Denbigh masu ɗaukar ɗaruruwa. Fitar auduga ta faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Tirelar ce aka hana, baburan suka yi ta wucewa.

Kuma ƙarshen yawancinsu ba daɗi. A cikin 300 ɗin nan an kama 136, an lalata 85. Galibi jirgi bai wuce zuwa da dawowa biyu ba kafin kwanansa ya ƙare. Shi ya sa 13 ɗin Denbigh ya zama abin faɗi, har aka laƙaba masa sunan jirgin kai wasiƙu, don yana zuwa a kai a kai kamar mai jadawali.

Sarkin_Gardama:
To ai ba shi ne zakara ba. Syren ya yi 33. Me ya sa ake ta kururuta mai 13?

Injiniya_Apapa:
Sarkin Gardama, ka haɗa mudu da tiya. Na Syren ana ƙirga kowace ketawa ce, shiga ɗaya, fita ɗaya. Na Denbigh 13 zuwa da dawowa ne, wato ketawa 26. Syren na gaba, amma ba da nisan da kake tsammani ba. Kuma shi tsakanin Nassau, a tsibiran Bahamas, da su Charleston ya yi aikinsa, Denbigh kuwa a Tekun Meziko, 7 zuwa Mobile, 6 zuwa Galveston.

Sarkin_Gardama:
33 dai ta fi 26. Ban faɗi ba.

Bazazzagi_77:
Me ya mayar da shi Galveston, Injiniya? Na ɗauka Mobile ce tasharsa.

Malamin_Tarihi:
Bari in amsa masa. Ranar 5 ga Agusta 1864 Admiral Farragut na Arewa ya kutsa da rundunarsa cikin mashigin Mobile, aka ƙwace ganuwoyin da ke bakinsa. Da ma abin da ke rufe ƙofa ke nan, ba sintiri a teku ba. Muddin ganuwa na hannun 'yan Kudu, jirgi na da inda zai fake. Haka aka yi wa Wilmington da aka ci Fort Fisher ranar 15 ga Janairu 1865, Charleston ta bi a Fabrairu. Da Mobile ta rufe sai Denbigh ya koma Galveston a Texas. Sai dai Texas ta riga ta yanke daga sauran Kudu tun 1863 da Arewa ta mallaki kogin Mississippi, saboda haka abin da ya kai can bai isa ga sojojin Janar Lee, babban kwamandan Kudu, a Virginia ba. Audugar dai tana fita, masu jari suna cin riba.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Kun ji ko? Yaƙi ya lalace, ciniki bai tsaya ba. Ai har sai da gwamnatin Kudu da kanta ta kafa doka a Fabrairun 1864 ta hana shigo da kayan ƙawa, ta kuma tilasta a ba ta rabin wurin kaya a jirage, domin 'yan kasuwa sun fi son ɗauko giya da siliki da turare, su ne marasa nauyi masu tsada. Soja ba takalmi, matar attajiri na jiran leshi.

Jikan_Mai_Gurza:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban yi magana ba. Ni ɗan Funtuwa ne, kakana a gidan gurza ya yi aiki har ya tsufa. Muna yara in kaka ta yi, sai ka ga jakuna da motoci sun yi layi da buhunan auduga, iska na kwasar farin kaɗa tana liƙa wa mutane a gashi da gira, ga tsibin angurya a baya. Kamfanin da ya kafa gidajen gurzan nan, BCGA, 'yan masaƙun Lancashire ne suka kafa shi a 1902, don neman inda za a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka. Tsoron dogaro da Amurka ne ya kawo su, kuma wannan tsoro tun daga ƙawanyar Lincoln ya samo asali, lokacin da masaƙunsu suka tsaya cik, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. Har irin da aka raba wa manomanmu, Allen, asalinsa na Amurka ne. To kun ga labarin Denbigh bai yi nisa da mu kamar yadda muke zato ba.

Malamin_Tarihi:
Jikan Mai Gurza, zancenka na da tushe, amma a ja shi a hankali. Tsakanin ƙarshen yaƙin da kafa BCGA shekara 37 ne. Waɗanda suka ci moriyar yunwar audugar nan take su ne Indiya da Masar. A Masar ma kuɗin suka yi yawa har Khedive Isma'il, mai mulkin ƙasar, ya shiga cin bashi, da farashi ya faɗo bayan yaƙi aka shiga uku. Namu ya zo daga baya, da wasu dalilan na tsadar auduga a farkon ƙarni na 20. Abin dariyar shi ne an kawo dogo Kano a 1911 da fatan auduga za ta cika taragai, sai manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa.

Zango_Kumasi:
In dai alaƙa ake nema, ga wadda ta fi kusa. Gidan Laird ne suka ƙera Denbigh. Mai gidan, John Laird, wansa ne ga Macgregor Laird, wanda ya shigo kogin Kwara a 1832 tare da Richard Lander da jirage biyu masu tururi. Sunan ɗaya Quorra, ɗayan kuma Alburkah, wato albarka tamu ta Hausa suka rubuta da bakinsu. Turawa 48 suka taso, 9 suka koma, zazzaɓi ya cinye yawancin sauran. Jirgin Pleiad da Baikie ya hau Binuwai da shi a 1854 ma a wannan gidan aka ƙera shi. Ƙwarewar da suka samu wajen ƙera jirgin ƙarfe mara nitso, ita ce dai ta yi amfani a kogunanmu ta kuma yi amfani a bakin Mobile.

Uwar_Biyu:
Ikon Allah. Jirgi sunansa Albarka amma mutum 39 suka mutu.

Sarkin_Gardama:
Ai gidan Laird ɗin ne suka ƙera Alabama, wanda Ingila ta biya tarar dala miliyan 15 da rabi a kansa. Ke nan Denbigh ma an biya a kansa.

Malamin_Tarihi:
A'a Sarki, aikinsu daban. Alabama jirgin yaƙi ne, farautar jiragen kasuwancin Arewa yake yi yana ƙonawa, har aka nutsar da shi a gaɓar Faransa a Yunin 1864. Diyyar da aka yanke a Geneva a 1872 ta ɓarnar irinsa ce. Keta ƙawanya kuwa a dokar ƙasa da ƙasa ta lokacin ba laifin gwamnatin Ingila ba ne, kasada ce ta ɗan kasuwa: in an kama ka, ka yi asara, kada ka zo kana kuka. Wannan ma ya shafi tambayar Bazazzagi. Ɗan fasa-ƙwauri dokar ƙasar da ya shiga yake karyawa, yana gudun haraji. Denbigh kuwa da ya iso tasha hukuma ce ke tarbarsa, jama'a na murna a bakin ruwa. Wanda yake guje wa yana waje ne, a teku.

Bakatsiniya:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma hukumar da ke tarbar tasa ai ta 'yan tawaye ce. A wurin Lincoln ƙasa ɗaya ce, dokarsa aka karya. Kuma tunda an ambaci ma'aikatan Lancashire, a faɗi ɗaya gefen. A ƙarshen Disambar 1862 ma'aikata suka yi taro a Manchester, da yunwarsu da komai, suka aika wa Lincoln takardar goyon baya a kan 'yanta bayi, shi ma ya ba su amsa a Janairu. Na ga gunkinsa a tsakiyar Manchester lokacin da na je wajen ɗiyata. Masu jin yunwa sun san gaskiya, masu jirage a Liverpool suka runtse ido.

Tsohon_Soja_Kakuri:
Duk wannan zance yana tuna mini da namu. A yaƙin basasarmu ma an rufe teku, aka ci Bonny a 1967, Fatakwal a 1968, sai jiragen sama suka koma sauka a Uli da dare, a kan titin mota da aka faɗaɗa, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe. Wasu abinci suka kawo, wasu makamai. Har gobe in ka tambayi mutum biyu sunan da za a kira matuƙan nan, amsa biyu za ka samu.

Admin_Zaure:
Baba, Allah ya ƙara girma, mun gode. Amma 'yan'uwa kada a buɗe wannan babin a nan, mun san inda yake kai mu. A koma kan jirgi.

Bahaushen_Houston:
To bari in mayar da ku, tunda ni na je inda gawarsa take. Daga Galveston akwai jirgin fito na kyauta da ke tsallakar da motoci zuwa Bolivar, tafiyar kamar minti 20. Can gefen, kusa da tsohuwar ganuwar Fort Travis da wata doguwar katangar duwatsu da ta shiga cikin teku, nan Denbigh yake kwance a ruwa mara zurfi. Na ɗauki yara muka je da zafi, na yi ta zuba musu labari a mota. Muka isa, ba komai sai ruwa ruwan ƙasa kamar na kududdufi, da wasu mutane suna kamun ƙaguwa da wuyan kaza ɗaure a zare. Ƙaramar ta ce, Baba ina jirgin? Na nuna mata ruwa. Ashe sai da sanyi, in iskar arewa ta kore ruwan ya janye sosai, sannan ƙarafan wilinsa ke leƙowa. A irin wannan rana ce masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa daga jami'ar Texas A&M suka gano shi a Disambar 1997, bayan sun bi wata tsohuwar taswira.

Yadda ya ƙare kuwa: daren 23 ga Mayu 1865 yana ƙoƙarin shiga Galveston ya hau yashi a Bird Key. Gari na wayewa aka hango shi, aka buɗe masa wuta, mutanensa suka sauka a ƙananan kwale-kwale suka tsere gaɓa, sojojin Arewa suka hau suka cinna masa wuta. Ku dubi kwanan watan. Lee ya miƙa wuya tun 9 ga Afrilu, an harbe Lincoln, an kama Jefferson Davis ranar 10 ga Mayu. Yaƙi ya ƙare, su ba su daina zuwa ɗaukar auduga ba.

Injiniya_Apapa:
Ka manta mafi daɗin. Jiragen da suka yi masa luguden, Cornubia da Princess Royal, su ma tsofaffin masu keta ƙawanya ne da aka kama a 1863 aka ɗora musu igwa. Ɓarawo aka ba gadi, don shi ya san ta inda ake haurowa.

MaiShayi_Online:
To kun gani! Na ce akwai 'yan gida a cikin maganar, kuka ce na zuba sukari a miya.

Bakatsiniya:
Bahaushen Houston, ka ƙarasa mana lissafin kwanakin. Ranar 19 ga Yuni 1865, kwana 26 bayan ƙona jirgin, Janar Granger na Arewa ya ba da sanarwa a wannan gari na Galveston cewa duk bayin Texas sun 'yantu. Ita ce ranar da ake biki yanzu da sunan Juneteenth, wadda ta zama hutun ƙasa a 2021. Shekara biyu da rabi ke nan bayan shelar Lincoln ta 'yanta bayi. Duk zuwa shida da Denbigh ya yi Galveston, mutanen da a takarda 'ya'ya ne suke tsintar abin da yake ɗauka.

Baban_Ummi:
Hajiya, yanzu na karɓi ɗaya rabin gyaran. Amma har yanzu ina cewa 'yan jagoran da suka bi da jirgi ta kan yashi cikin duhu sau 26 sun san aikinsu.

Ɗan_Kantin_Kwari:
Sanin aiki daban, Baban Ummi. Ni abin da nake so in ji shi ne ko masu takardun bashin Erlanger da ba su samu sun fitar da audugarsu ba sun ga ko kwabo bayan yaƙi.

Malamin_Tarihi:
Ko anini. Gyaran tsarin mulki na 14, na 1868, ya haramta biyan duk wani bashin da aka ci don tawaye. Wanda ya riga ya loda a jirgi ya sha, wanda ya ajiye takarda a akwati yana jiran nasara ya tashi da takarda.

Bazazzagi_77:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa. Tambaya ta farko na gamsu, Injiniya da Ɗan Maraɗi sun warware mini. Ta biyu kuwa har yanzu ina tsakanin Malam da Hajiya Bakatsiniya. Bahaushen Houston, in sanyi ya shigo ka sake komawa, don Allah ka ɗauko mana hoton wilin.

Bahaushen_Houston:
In sha Allahu, amma ni kaɗai zan je. Yaran sun ce ba za su sake bin Baba kallon ruwa ba.